Wankin Kuza

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Naraguta,
sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa ya zauna mini a gwiwa.
Kundi goma sha bakwai a kan tebur,
jan biro guda, shayi ya huce tun ɗazu.

Na Lubabatu na buɗe:
kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Bukuru.
Rubutu sumul, kamar an bi shi da dutsen guga,
ba tuntuɓe, ba tari, ba inda numfashi ya yanke.
Yarinyar da ke in'ina in ta miƙe tambaya a aji
ga ta tana zuba kamar ruwan Agusta.

A shafi na tara ta kafa hujja da wani littafi.
Na san ɗakin karatunmu kamar yunwar cikina,
na nema, na sake nema.
Marubucin ba a haife shi ba.
Itacen da za a yi takardar yana nan tsaye a daji.
Ƙirƙirarriyar basira ta ƙirƙiro malami,
ta ɗinka masa riga, ta ba shi shekara da lambar shafi.

Da safe na ce, "Kin je Bukuru?"
Ta dubi takalminta. Fes, ba ɗigon jar ƙasa.
"Malam, data ta fi kuɗin mota araha."

Ban yi tsawa ba. Da wane bakin?
Makon jiya, da wa'adin mujalla ya shaƙe ni,
ni ma na miƙa wa injin nan sakin layi uku,
ya dawo mini da su sun yi wanka sun shafa mai,
na ji daɗi, na sa sunana a sama.
Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ran Asabar muka hau tsohuwar motata.
A bakin wani kududdufi mai koren ruwa
muka tarar da Baba Davou, ruwa har ƙwauri,
yana juya kwano, yana juyawa,
yashi na fita, baƙin gari na kwanciya a ƙasa.
Ya damtsi biyu, ya zuba mata ɗaya a kowane tafi.
"Wanne ne kuza?"
Iri ɗaya suke a ido. Ta yi shiru.
"Bar kallo, 'yata. Ji nauyi."

Sai ya shiga lissafi, ba wanda ya tambaye shi:
shekarar da ruwan ya ci ɗan ƙanensa, Pam,
yana bin akuya;
matan da ke ban ruwan kabeji da shi da rani,
sun san abin da ke ciki, amma ciki ba ya jira;
wata hanya da ke ƙarƙashin ruwan yanzu
wadda ya bi da ƙafa ya je neman aure.

Injin bai san Pam ba.
Ba ƙarya ya yi niyya ba, niyyar ce ba shi da ita.
Ya haɗiye littattafan duniya,
bai taɓa tsayawa a bakin rami ƙafarsa na rawa ba.

Lubabatu ta tsuguna tana rubutu a kan cinya,
biro na gudu, harafi na faɗuwa,
laka ta ɗiga a shafin, ta goge da gefen mayafi.
Na leƙa: kuskure uku a layin farko.
Rabon da in ga kuskure ya faranta mini rai haka
na manta.

Ba na cewa a fasa kwanon.
Baba Davou ma ba da yatsu yake tace kogi ba.
Amma kwano bai san nauyi ba, hannu ya sani.

Mun dawo da magariba, takalmanmu ja.
Goma sha shida na nan suna jirana a tebur,
duk sumul.
Da sakin layi ukun nan,
da sunana a samansu.